Ranar da na turare malamaina da tattasai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kare kundin digirina ba, kuma ko na so in manta mutanen Diffa ba za su bari ba. Har yau in na ratsa ta kasuwar tattasai sai an samu wani ya yi atishawar ƙarya, abokansa su yi masa addu'a da ƙarfi don in ji. Ni kuma in ɗaure fuska in wuce kamar ba da ni ake ba.

Ni ƴar manoman tattasai ce. Gonar Babanmu tana bakin kogin Komadugu, kuma tun kakanni abin da gidanmu ke nomawa ke nan. Cikin shanya da ɗurin buhu na tashi, na san ƙaiƙayinsa a ido tun kafin in san baƙi da wasali. Da Allah ya sa na shiga jami'a sai na zaɓi fannin tafiyar da ayyukan gini, wato mu ne masu tsara yadda gini zai tashi daga tushe har rufi: wane ma'aikaci zai zo yaushe, wane kaya za a fara kawowa, me zai iya ɓaci, kuma yaya za a kiyaye lafiyar mutane. Ni kaɗai ce mace a ajinmu, kuma wannan ya shiga kaina fiye da karatun kansa. Tun shekarar farko na sayi farar hular kwano (babu wanda ya ce in saya, lokacin ko bulo ɗaya ba a kai mu mun gani ba), na riƙa ɗora ta a kan ɗankwali. Har gidan suna na taɓa zuwa da ita a hammata, wai daga wurin aiki nake.

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi yana zaɓar aikin da zai rubuta kundi a kai. Abokan karatuna suka kama gadoji da benaye, ni kuma na ce zan tsara ma'ajiyar tattasai ta zamani. Kuma gaskiya tunanin ba laifi. Duk wanda ya san harkar ya san yadda buhunan busasshen tattasai ke lalacewa in an jibge su a ɗaki mara iska: launin ya dushe, wani ya yi fumfuna, mai saye ya zo ya yatsine fuska. Nawa ginin yana da ƙananan tagogi a ƙasan bango ɗaya da wasu a saman ɗaya bangon, iska ta shiga ta nan, ta ratsa buhuna, ta fita ta can. Amma babin da na fi ji da shi shi ne na hasashen haɗari. A cikinsa na hango ambaliyar kogi, na hango gara, na hango tashin kuɗin siminti, na hango leburorin da za su gudu gona in lokacin tsinka ya zo. Komai na hango ban da ni kaina.

Ga wanda bai sani ba, kare kundi a wurinmu (sutanans muke ce masa) ba jarrabawa ba ce kawai tsakanin ɗalibi da malamai. Biki ne. Dangi su ɗinka anko, a cika kuloli da abinci, a zo a zauna a bayan ɗaki ana kallonka kana zuba Faransanci a gaban malaman da za su yanke hukunci, waɗanda ake kira juri. In an gama su faɗi matakin da ka samu a gaban kowa. Mataki mafi girma shi ne tirebiyan, kuma ni tun kafin in rubuta shafin farko na gama yanke wa kaina cewa shi zan samu. Ina son in toshe bakin mazan ajinmu, musamman masu cewa mace da gini sai dai ginin murhu.

Da tabbacin nan ya yi mini yawa sai na riga malam masallaci. Na je wurin masu buga kayan biki na sa aka yi mini mahutai na roba, abin fifita irin waɗanda ake rabawa a ɗaurin aure. A kowane akwai hotona da farar hula, na harɗe hannuwa ina kallon nesa, a ƙasa an rubuta sunana da “Injiniya”, sannan da manyan baƙaƙe masu ruwan zinariya: TIREBIYAN. Na zuba su a jaka na damƙa wa Gwaggo Yagana, ƙanwar Baba, na ce kada ta buɗe sai an faɗi sakamako.

Gwaggo Yagana ita ce telar gidanmu, kuma bakinta ba shi da birki. Ita na kai wa aikin ƙarshe na ɗan ƙaramin samfurin ginin da na haɗa da katako da kwali don in nuna wa juri. Ina son a ɗinka mini ƴan mitsi-mitsin buhuna in jera a ciki. Ta ɗinka su da wani tsohon mayafi shara-shara, ta tambaye ni da me zan cika su. Na ce da rairayi.

Ta ajiye allura ta dube ni. “Rairayi? Ke ɗiyar Malam Ari za ki zuba rairayi a buhun tattasai gaban manyan mutane? Ai wannan aikin macuta ne. Gobe a ce daga gidanmu aka koya.”

Na yi dariya, amma maganar ta shige ni ta wata hanya. Na ce a raina, ai kuwa in juri suka ga ja yana leƙowa ta buhunan, suka ji ƙanshin kayan gaske, za su san ba kwafe na yi daga littafin Turawa ba. Tattasai guda ba zai shiga buhu mai girman babban yatsa ba, don haka na ce ta daka mini shi lukui. Ta daka. Abin da ban tambaya ba, kuma ya kamata in sani tunda a hannunta na girma, shi ne Gwaggo Yagana ba ta taɓa daka tattasai ba tare da ta jefa masa barkono ba, wai don ya yi rai. Na cika buhuna, sauran garin kuma na barbaza a daɓen samfurin ya zama kamar shanya. Ya yi kyau ƙwarai, wannan kam ba zan fasa faɗa ba.

Don nuna tafiyar iska na liƙa ƴan zaruruwa a tagogin sama, na sayi ƴar fanka mai batir. In na kunna ta a bakin tagogin ƙasa sai zaren ya riƙa kaɗawa a ɗaya gefen. Na gwada ya fi a ƙirga, ina yi ina maimaita jawabina a gaban madubi. Nakan ɗan yi atishawa, in ce mura ce ta gajiya.

Ana gobe za a yi, bayan la'asar, na tara dangi a tsakar gida na yi musu huɗuba. Nan ne fa inda nake jin kunya in na tuna, fiye ma da abin da ya biyo baya. Na taɓa ganin sutanans ɗin wani da kakarsa ta rangaɗa guɗa a tsakiyar tambaya, ɗaki ya kwashe da dariya, kuma na rantse ba za a yi mini haka ba. A gaskiya tsoro nake ji kada su nuna ƙauyancinsu a gaban baƙo, don an ce shugaban jurin wani Farfesa ne da aka gayyato daga Yamai.

“Ba guɗa,” na ce musu. “Ba magana, ba raɗa, ba tashi. Waya a kashe. Ko gobara kuka gani kada wanda ya ce uffan sai an gama.”

Baba yana zaune a tabarma yana jan carbi. Ya ce, “Ko gobara?”

Na ce, “Ko gobara, Baba.”

Ya gyaɗa kai ya ce, “To, Injiniya. Mun ji.”

Gari ya waye da zafin nan na bazara wanda tun hantsi yake sa riga ta manne a baya. Ɗakin ya cika. Danginmu sun kama layukan baya cikin anko ruwan goro, tsit kamar masu jiran liman. Mazan ajinmu suna gefe sun miƙe ƙafafu, sun zo ganin yadda za ta kaya. A gaba ga juri mutum uku: Malam Kyari, wanda ya duba mini kundin, da wata malama mai rubuta bayanai, da Farfesa a tsakiya. Dogo ne, da tabarau, sanye da farar shadda wadda ta sha guga har tana ɗaukar ido. Ku riƙe wannan farar shaddar a ranku.

Jawabi ya tafi yadda nake so. Na yi bayanin tsarin aiki, na yi na kayan gini, da na iso babin haɗari har da ɗaga yatsa na ce, mai tafiyar da gini na ƙwarai shi ne wanda ke ganin masifa tun tana nesa. Malam Kyari ya yi murmushi, malamar ta rubuta wani abu. Na ji kaina yana taɓo rufi.

Sai aka zo wurin samfuri. Na ɗora shi a kan teburin juri, na juya shi yadda tagogin sama, wato mafitar iska, za su fuskance su don su ga zaren da kyau. Na kunna ƴar fankata. Ta juya sau biyu cikin kasala ta tsaya. Yawan gwaji a gaban madubi ya shanye batirin. Na bubbuga ta, ta ɗan yi gurnani, zare ko gezau.

Farfesa ya sauke tabarau zuwa kan hanci. Ya ce, “Madmazel, a takarda iskarki tana gudu sosai. A nan kuwa ban ga ta motsa ba.”

Wani daga mazan ajinmu ya yi ƴar dariya ƙasa-ƙasa. Wannan dariyar ce ta kashe ni. Da na ce a yi haƙuri batir ya ƙare, da shi ke nan, an wuce wurin. Amma zuciya ta ɗebe ni. Na waiga na ga babbar fankar tsaye ta ɗakin, irin mai ƙarfen nan da in ta tashi sai an danne takardu da dutse. Na je na jawo ta da kaina, na kafa ta a bakin tagogin ƙasa. Na kuma ce wa juri, cikin ladabi da Faransanci mai kyau, su daure su matso da fuskokinsu kusa da tagogin don su gani da idonsu. Suka matso, bayin Allah.

A lokacin ne na hango Baba ya ɗaga yatsa ɗaya sama, kamar ɗalibi mai neman izini. Bai ce komai ba, tunda an hana shi. Na galla masa harara, irin wadda ɗiya ba ta yi wa uba, ya sauke yatsan a hankali. Sannan na ga wani abu: matan gidanmu, layi bayan layi, suna jan mayafi suna rufe hanci da baki, mazan suna ɗaga wuyan riga, duk ba tare da ko tari ba. Wallahi abin da na ce a raina shi ne, ka ga, abin ya taɓa musu zuciya har suna ɓoye hawaye. Ni da tun ina ƙarama aka koya mini cewa in ana ɗurin tattasai ba a tsayawa inda iska ta nufa, ni ce na kasa gane abin da suke yi.

Na murɗa fankar har ƙarshe.

Zaren ya kaɗa, wannan kam ya kaɗa. A bayansa kuma wani jan hayaƙi ya taso ta tagogin sama, a tsare, a jere, daidai yadda na zana a shafin kundina, ya sauka a fuskokin juri. Sai Farfesa ya buɗe baki zai yi magana, maimakon magana wata atishawa ta fito wadda ta cillar da tabaransa kan tebur. Malamar ta saki alƙalami ta rufe ido tana salati. Malam Kyari ya miƙe yana lalube yana cewa, “Kashe! Kashe ta!” Ni kuma a ruɗe na danna abin da ke sa fanka ta riƙa waiwaye, ta shiga raba wa ɗaki gaba ɗaya, dama da hagu, ba ta bar kowa ba. Mazan ajinmu da suka zo dariya suka fita a guje suna tari suna cin karo a ƙofa (wannan ne kaɗai abin da ya yi mini daɗi a ranar, kuma har yau ban tuba ba).

Danginmu kuwa suna zaune daram, hanci a rufe, ido kawai ake gani. Ba wanda ya ce uffan. Umarnina suke bi.

Wadda ta fara karya doka ita ce Gwaggo Yagana, kuma da ta bar ni da dokata da ya fi. Ta ga manyan mutane suna hawaye suna neman iska, tausayi ya kama ta, ta tuna tana da maganin abin a jaka. Ta buɗe ta shiga rabon mahutai. Ta ratsa har gaban tebur ta danƙa wa Farfesa ɗaya a hannu tana cewa, “Sannu Malam, hura da wannan. Kada ka murza ido. Na bana ne, shi ya sa ya ke da ƙarhi, daga gonarmu ne.”

Ina tsaye ina kallo. Farfesa ya fifita sau biyu, ya lalubo tabarau ya mayar, sannan ya dubi abin da ke hannunsa. Ga ni nan da farar hula ina kallon nesa. Ya kusanto da shi fuska, hawaye na zuba, farar shaddarsa ta koma kamar an yayyafa mata jar ƙasa, ya karanta a hankali yadda kowa zai ji: “Ti-re-bi-yan.” Ya ɗago jajayen idanu ya dube ni. “Ashe an riga an gama zaman juri, Madmazel. Mu ne ba a gaya wa ba.”

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Na buɗe baki in ba da haƙuri, sai ni ma atishawa ta kama ni, hular kwanon ta zame ta faɗi tana gangarawa a daɓe da ƙara, ba wanda ya tsaya ɗaukarta.

A ƙarƙashin bishiyar dogon yaro aka ƙarasa zaman, don ɗakin ya ƙi shiguwa har yamma. Aka kawo buta juri suka wanke fuska, Gwaggo ta bi su da nono wai yana kashe zafi. Suka ja gefe suka yi shawara, ni kuma ina tsaye ina lissafin maimaita shekara, da yadda zan fuskanci Baba, wanda tattasan gonarsa ne ya biya kowace shekara ta karatun nan. A nan ne tsoro na gaske ya kama ni, na manta da mazan ajinmu, na manta da zinariyar da ke jikin mahuci.

Da suka dawo Farfesa ya yi magana da dasasshiyar murya. Ya ce game da tsarin iska, juri ba shi da sauran tambaya, domin ya tabbatar da ingancinsa da idonsa da hancinsa da huhunsa. Game da babin hasashen haɗari kuwa, ya ce an rubuta shi da kyau, saura a samu wanda zai karanta wa marubuciyar. Na ci, amma da asebiyan, wato mataki biyu ƙasa da abin da ke rubuce a mahutan da rabin jama'ar wurin ke fifita da su a daidai lokacin.

Sai Gwaggo Yagana ta leƙo ta ce, “Injiniya, yanzu a yi guɗar ko har yanzu an hana?” Ba ta ma jira amsata ba, ta rangaɗa abarta.

A hanyar gida na zauna kusa da Baba a bayan mota. Da ƙyar na iya ce masa, “Baba, ka ga abin da zai faru, me ya sa ba ka yi magana ba?”

Ya ce, “Na ɗaga hannu.”

Na ce, “Ai da ka yi magana kawai.”

Ya ci gaba da jan carbinsa. “Kin ce ko gobara. Wannan kuwa bai kai gobara ba.”

Bai taɓa tayar da zancen ba har yau, abin da ya fi mini duka ciwo.

Yanzu ina aiki, ina tsayawa a kan gine-gine na gaske, kuma hular kwanon ta samu amfaninta. Mahutan nan kuwa sun ƙi ƙarewa. Roba ce mai ƙarko, na zaɓi mai tsada. Suna nan a gidajen dangi daga Diffa har ƙauyukan bakin kogi, ana hura gawayi da su, hotona ya yi baƙi da hayaƙi amma TIREBIYAN ɗin na nan yana ƙyalli. Kwanaki wata baƙuwa ta gani ta ce mini barka, ashe haka na yi ƙoƙari, Gwaggo ta buɗe baki za ta ba ta labari na yi sauri na tura mata kwanon abinci.

Abin da na koya bai kai babi guda ba. Kafin ka kunna fanka, duba wa ke zaune inda iskar za ta fita. Kada ka buga sakamako kafin a yi jarrabawa. Kuma duk taron da nake jagoranta a wurin aiki, in na ga wani ya ɗaga yatsa a layin baya, ko ina tsakiyar magana nakan tsaya in ce, “Bismillah, muna jin ka.”